Lasisin Masu Ba da Shawara da Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin ɗalibai da ma'aikatan da ke son yin aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta hanyar tattaunawa a Amurka, har da waɗanda suka yi karatunsu a wata ƙasa. Jihohi kan yi wa dokokinsu kwaskwarima, don haka duk adadin da ka gani a nan, ka sake gwada shi da abin da ke shafin hukumar jiharka kafin ka kashe ko sisi.

Wa ke ba da lasisin wannan aiki?

Jiha ce ke bayarwa, gwamnatin tarayya ba ta da hannu a ciki. Kowace daga cikin jihohi 50, da gundumar babban birnin ƙasar, tana da hukumarta da dokarta. A Kalifoniya hukumar BBS ce. A Teksas majalisar BHEC ce ke riƙe da hukumomin sana'o'in. A Niyok (New York) kuwa ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke ba da lasisin ta ofishinta na sana'o'i. Jarrabawar kan zama iri ɗaya a ko'ina, amma izinin zama a rubuta ta, da izinin yin aiki bayan an ci, duk daga jiha suke fitowa.

Shi ya sa shawararmu ta farko ita ce ka fara daga ƙarshe. Zaɓi jihar da kake son yin aiki, karanta sharuɗɗan lasisinta layi-layi, sannan ka nemi makarantar da karatunta ya cika waɗannan sharuɗɗa. Mafi yawan waɗanda suka yi asarar shekaru a wannan hanya ba jarrabawa ce ta kayar da su ba. Makaranta suka fara zaɓa, sai bayan sun gama suka je tambayar hukuma.

Mene ne bambancin waɗannan sana'o'i, kuma me haruffan da ke bayan sunayensu ke nufi?

Ma'aikacin jin daɗin jama'a yana da matakai. Mai digirin farko na iya samun LBSW a jihohin da ke ba da shi, mai digiri na biyu ya samu LMSW ko LSW, sai babban matakin, LCSW, wanda ke ba mutum damar gano matsalar ƙwaƙwalwa da yi mata magani da kansa, ba tare da wani na duba shi ba. Mai ba da shawara kuwa sunansa na sauyawa daga jiha zuwa jiha: LPC a Teksas, LMHC a Niyok da Fulorida, LPCC a Kalifoniya, LCPC a Illinois. Jihar Virginia ce ta fara ba su lasisi a 1976, Kalifoniya ce ta zo ƙarshe a 2009. Mai kula da matsalolin aure da iyali shi ne LMFT.

Masanin halayyar ɗan Adam daban yake, sai da digirin digirgir. Likitan ƙwaƙwalwa kuma cikakken likita ne da ya yi makarantar likitanci, shi ne mai rubuta magani. Jihohi ƙalilan, irin su New Mexico da Louisiana, sun yarje wa masana halayya masu ƙarin horo su rubuta magani, amma LCSW da LPC da LMFT ba sa rubutawa a ko'ina.

A ɗakin ganawa aikin ukun nan ya yi kama ƙwarai. Bambancin yana cikin tarbiyyar karatun: ma'aikacin jin daɗin jama'a an koya masa duba mutum tare da muhallinsa, wato gida, kuɗin haya, makarantar yara, takardun zama, mai ba da shawara ya fi zurfi a dabarun tattaunawa, LMFT kuwa iyali gaba ɗaya yake ɗauka a matsayin majinyaci. Daga 1 ga Janairu 2024 inshorar tsofaffi ta Medicare ta fara biyan masu ba da shawara da LMFT kai tsaye, abin da LCSW suka daɗe suna samu.

Wane karatu ake bukata?

Don LCSW, digiri na biyu na MSW daga shirin da CSWE, hukumar da ke tantance karatun wannan sana'a, ta amince da shi. A cikinsa dole a yi aƙalla awa 900 na sanin makamar aiki. A digirin farko na BSW awa 400 ne. Wanda ke da BSW da aka amince da shi na iya samun gajeriyar hanya, ya gama MSW cikin kamar shekara ɗaya a maimakon biyu.

Don masu ba da shawara, yawancin jihohi yanzu suna neman digiri na biyu mai kiredit 60. Hukumar da ke tantance shirye-shiryensu ita ce CACREP, kuma ma'auninta shi ne awa 100 na gwajin farko, 40 daga ciki ido da ido da masu neman taimako, sannan awa 600 na sanin makamar aiki, 240 daga ciki ido da ido. Shirye-shiryen aure da iyali kuwa COAMFTE ce ke tantance su.

Na ga makaranta mai araha a intanet. In shiga?

Karatu ta intanet ba laifi ba ne, akwai shirye-shiryen da CSWE da CACREP suka amince da su da ake yi daga gida. Abin dubawa biyu ne. Na farko, a ce shirin kansa aka amince da shi, ba jami'ar kawai ba. Jami'a na iya zama halastacciya alhali shirinta na ba da shawara ba ya cikin jerin CACREP, kuma jihohi irin su Kentucky da North Carolina sun ɗaure lasisinsu da wannan amincewa. Kada ka dogara da abin da makarantar ta rubuta a tallarta. Buɗe jerin da ke shafin hukumar tantancewar ka nemi sunan shirin da idonka.

Na biyu, tambayi wa zai nemo maka wurin sanin makamar aiki. Makarantu da dama suna barin ɗalibi ya nema da kansa, kuma an sha ganin wanda ya gama duk darussa ya zauna watanni ba shi da wurin da zai yi awanninsa. Akwai kuma tarkon digirin ilimin halayya na gama-gari mai kiredit 30 ko 36. Digiri ne mai kyau, sai dai ba ya kai mutum ga lasisi.

Na karɓi digirina. Me zan fara yi?

Kafin ka fara ƙirga awa ko ɗaya, yi rajista da hukumar jiha a matsayin mai koyon aiki. A Kalifoniya ana kiran ma'aikacin jin daɗin jama'a da ke wannan mataki ASW. Teksas da Fulorida ma suna da nasu matakin na wucin gadi, a Niyok kuma sai ka riƙe LMSW ko takardar izini ta ɗan lokaci. Za a nemi takardar sakamakon karatu daga makaranta kai tsaye, hoton yatsu don binciken laifi, da kuɗin rajista.

Kalifoniya tana da ƙa'idar kwana 90: idan takardar neman rajistarka ta isa hukuma cikin kwana 90 daga ranar da aka ba ka digiri, kuma wurin aikinka ya ɗauki hoton yatsunka kafin ka fara, awannin da ka yi kana jiran lamba za su shiga lissafi. Ka wuce ranar, sai daga ranar da lambar ta fito za a fara ƙirga maka. Ranar da ake nufi ita ce wadda ke rubuce a takardar sakamako, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba.

Awa nawa ake yi a ƙarƙashin mai sa ido?

Adadin da ya fi yawa shi ne awa 3,000 cikin abin da bai gaza shekara biyu ba, amma yadda ake yanka shi ne ke da muhimmanci. LCSW a Teksas: awa 3,000 cikin aƙalla wata 24, da awa 100 na zama da mai sa ido. LPC a Teksas: awa 3,000, rabinsu ido da ido, cikin aƙalla wata 18. Fulorida: shekara biyu, awa 1,500 ido da ido, da awa 100 na sa ido cikin mako 100 ko fiye. LCSW a Niyok: wata 36, awa 2,000 tare da majinyata, awa 100 na sa ido.

Kalifoniya ta fi kowa yanka abin ƙanana. Awa 3,000 cikin aƙalla mako 104, ba a ƙirga fiye da awa 40 a mako. A cikinsu 2,000 dole su zama aikin jinya, wato tantancewa da gano matsala da magani, 750 daga ciki kuma ganawar jinya ido da ido. Awa 1,700 dole a yi su a ƙarƙashin LCSW. Duk makon da za a ƙirga sai an yi zaman sa ido a cikinsa: awa ɗaya kai da mai sa ido, ko kai da wani mai koyo ɗaya tare da shi, ko awa biyu a rukunin da bai wuce mutum takwas ba. Makon da ba a yi zaman ba, ko ka yi aikin awa 40, ya bi ruwa.

Yi lissafi tun kafin ka karɓi aiki. Idan wurin zai ba ka ganawa shida kacal a mako, sauran lokacin cike takardu da buga waya, awa 1,500 na ido da ido za su ci maka mako 250, kusan shekara biyar. Albashi mai kyau a wurin da ba a ganin majinyata yakan zama wankin hular da ke kai mutum dare.

Me ke sa hukuma ta ƙi karɓar awannin da mutum ya yi?

Na farko a jerin shi ne mai sa idon da bai cancanta ba. Riƙe lasisi kaɗai bai isa ba. Jihohi da yawa suna neman ya shekara biyu ko fiye da lasisinsa kuma ya yi horon sa ido, Teksas da Fulorida har sai hukuma ta ba shi wannan matsayi a rubuce. Idan lasisinsa ya ƙare bai sabunta ba na wata uku, awanninka na wata ukun na iya zubewa ba tare da kai ka yi laifin komai ba. Shafin kowace hukuma yana da wurin binciken lasisi kyauta. Duba sunansa ranar da kuka fara, ka riƙa sake dubawa lokaci-lokaci. Miji ko mata ko ɗan'uwa ba ya zama mai sa ido.

Sai yanayin ɗaukar aiki. A Kalifoniya mai koyon aiki dole ya kasance ma'aikacin da ke kan takardar albashi, ko ɗan sa-kai. Idan an ɗauke shi a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa, awannin ba sa shiga, kuma ba ya karɓar kuɗi daga hannun majinyaci. Akwai kuma tsufan awanni: a Kalifoniya duk awar da ta wuce shekara shida kafin ranar neman lasisi ta mutu.

Abu na ƙarshe shi ne sa hannu. Ka riƙa cike takardar mako kana kai wa mai sa ido ya sa hannu a makon, ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a gida. Duk ranar da za ka bar wani wurin aiki, ko shi zai bari, karɓi takardar tabbatar da awanni cikakkiya kafin a yi sallama. Mutane na ƙaura, suna ritaya, suna rasuwa, wani kuma kun rabu ba daɗi. Neman sa hannu bayan shekara uku aiki ne da ba ma yi wa kowa fatansa.

Yaya jarrabawar ma'aikatan jin daɗin jama'a take?

Ƙungiyar hukumomin lasisi ta ASWB ce ke shirya ta, matakinta biyar ne, amma uku aka fi rubutawa: ta masu digirin farko, ta masu digiri na biyu, da ta jinya wadda ake nema don LCSW. Tsarin da aka daɗe a kai shi ne tambaya 170 ta zaɓin amsa a kwamfuta cikin awa huɗu. 150 ne ake ba maki, 20 gwaji ne na tambayoyin gaba, kuma ba za ka gane su ba. Makin ci yana sauyawa gwargwadon wuyar kwafin da ya faɗo maka, yawanci tsakanin 90 da 107 daga cikin 150. Tun 2023 ake shigo da tambayoyi masu zaɓi uku a maimakon huɗu. Ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada ka bar tambaya ba amsa.

Sai hukumar jiha ta amince sannan ka yi rajista da ASWB, ka biya, ka zaɓi rana. Sunan da ke katin shaidarka dole ya zo daidai da na rajista harafi da harafi. Wanda fasfo ɗinsa ke ɗauke da Muhammad, rajistarsa kuma Mohammed, za a iya mayar da shi daga bakin ƙofa, kuɗin kuma ya bi shanun sarki. ASWB kan sake fasalin jarrabawar bayan 'yan shekaru, don haka sauke jagorar shekarar da za ka rubuta, ba ta abokinka ba.

Masu ba da shawara da sauran fa?

Hukumar NBCC tana da jarrabawa biyu. NCE tambaya 200 ce, 160 ake ba maki, ta ƙunshi ɗa'ar aiki, girman ɗan Adam, aikin rukuni, shawara kan sana'a, gwaje-gwaje da bincike. NCMHCE kuwa, tun sauyin da aka yi mata a ƙarshen 2022, labaran majinyata 11 ne, ɗaya ba a ba shi maki. Kowane labari ana bin sa daga ganawar farko zuwa zaman da ke biyo baya, ana tambayarka me ka gano da me za ka yi. Niyok da Fulorida da Kalifoniya NCMHCE suke nema, Teksas tana karɓar kowace, wasu jihohin kuma duka biyun a matakai daban. Shaidar NCC da NBCC ke bayarwa shaidar ƙwarewa ce, ba izinin aiki ba.

A yawancin jihohi LMFT suna rubuta jarrabawar AMFTRB, tambaya 180 cikin awa huɗu. Masana halayya suna rubuta EPPP, tambaya 225, kuma 500 ne makin da yawancin jihohi ke nema a ma'aunin 200 zuwa 800. Ban da waɗannan akwai jarrabawar dokar jiha. Ta Teksas ana yin ta a intanet, ta Kalifoniya kuwa a cibiyar jarrabawa, kuma mai koyon aiki ba zai sabunta rajistarsa ta shekara ba sai ya zauna mata.

Na san karatun, amma ina faɗuwa a tambayoyin gwaji. Me ke faruwa?

Yawancin tambayoyin ba hadda suke aunawa ba. Za a ba ka hali, a ce me za ka yi da farko, ko me ya fi dacewa, alhali amsoshin duk suna da ma'ana. Jerin da ke taimakawa shi ne: tsaron rai tukuna, sai cire zargin ciwon jiki ko shaye-shaye, sai tantancewa, sannan magani. Misali, mace mai shekara hamsin ta zo da rashin barci, faɗuwar gaba da rama cikin wata biyu. Zuciya za ta ja ka zuwa koya mata dabarun kwantar da hankali. Amsar da ake so ita ce a tura ta likita ya duba, domin matsalar ƙwayar thyroid da ke maƙoshi na iya kawo duk waɗannan alamu.

Wanda ya tashi a cikin al'adarmu yana da wani tarko na musamman. Budurwa mai shekara 22 ta faɗa maka damuwarta, mahaifinta ya kira yana tambaya. A gida, ƙin amsa wa uba rashin kunya ne. A jarrabawa da kuma a dokar Amurka, ba ka ma da ikon tabbatar masa cewa tana zuwa wurinka sai da izininta a rubuce. Haka idan yaro ya zo da tabon duka: ba kiran dattawan gida za ka yi a sasanta ba, ba kuma bincike za ka tsaya yi don ka tabbatar ba. Zato mai dalili ya wajabta maka kai rahoto ga hukumar kare yara. Idan kuma majinyaci ya yi barazanar kashe wani takamaiman mutum, sirri ya tsaya a nan. Wannan ya samo asali daga hukuncin Tarasoff na kotun ƙolin Kalifoniya a 1976, kodayake kowace jiha da yadda ta tsara shi.

Karanta kundin ɗa'ar sana'arka daga farko har ƙarshe sau biyu, ka san ma'aunan gano cututtukan ƙwaƙwalwa da ke littafin DSM-5-TR, musamman tsawon lokacin da kowace alama za ta ɗauka. Yi cikakkiyar jarrabawar gwaji ta awa huɗu a zaune aƙalla sau ɗaya, domin gajiyar awa ta uku gaskiya ce.

Na faɗi. Sai yaya?

A ASWB sai bayan kwana 90 za ka sake, da sabon kuɗi. Inda jiha ta yarda, wanda ya rage masa amsa goma ko ƙasa da haka ya ci yana iya neman a ɗage masa jiran. Takardar sakamakon tana nuna makinka a kowane fanni, a nan za ka ga inda ruwa ke shiga. Duba ko jiharka ta ƙayyade yawan zama, da ranar da amincewarta za ta ƙare.

Kada faɗuwar ta sa ka yanke wa kanka hukunci. A watan Agustan 2022 ASWB ta fitar da alƙalumanta, suka nuna cewa a jarrabawar jinya kusan kashi 84 cikin ɗari na fararen fata ke ci a zaman farko, baƙaƙen fata kuwa kusan kashi 45. Tsofaffi da waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne su ma suna baya. A ganinmu giɓi irin wannan ba a ɗora shi kan ɗalibai kaɗai. Illinois ta cire jarrabawa daga sharuɗɗan LSW, ta kuma buɗe wata hanya ga wanda ya zauna wa ta jinya bai ci ba: ƙarin awa 3,000 a ƙarƙashin sa ido. Sai dai lasisin da aka samu ba jarrabawa na iya ba da wahala wajen ƙaura. Duba amsar da ke kan sauya jiha.

Ana yi wa wanda Turanci ba harshensa ba ne sassauci?

A jihohin da suka yarda, ASWB tana ba da ƙarin lokaci da izinin shiga da ƙamus. Sai an nema an samu amincewa kafin a zaɓi ranar jarrabawa, ba a ranar ba. Masu naƙasa, masu juna biyu da masu shayarwa su ma suna da nasu tanadin ta wannan hanya.

Digirina daga Najeriya ko Nijar ko Ghana yake. Za a karɓa?

Na jin daɗin jama'a yana da ƙofa sananniya: sashen ISWDRES na hukumar CSWE, wanda ke auna digirin waje ya ce ya yi daidai da BSW ko MSW ko bai yi ba. Za su so takardar sakamako daga jami'a kai tsaye, bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa, da shaidar awannin sanin makamar aiki. Wannan na ƙarshen ne ke kayar da mutane, domin jami'o'i da yawa ba sa rubuta adadin awannin a takardar sakamako. Nemi wasiƙa daga shugaban sashe mai ɗauke da wurin da ka yi, awa nawa, da wanda ya duba ka. Digirin ilimin zamantakewa ba ya zama na jin daɗin jama'a, komai kusancinsu. Takardun Faransanci sai an haɗa da fassarar da aka tabbatar.

Masu ba da shawara ba su da ƙofa ɗaya. Hukumar jiha za ta tura ka kamfanin auna takardu, galibi ɗan ƙungiyar NACES irin su WES ko ECE, a yi aunawar darasi-darasi, sannan ita ta gwada da jerinta. Digirin jagoranci da ba da shawara da ake yi a tsangayar ilimi a jami'o'in Najeriya ya fi karkata ga makarantu, saboda haka akan same shi da giɓi a darussan gano cututtukan ƙwaƙwalwa, shaye-shaye da dokar Amurka, kiredit ɗin kuma bai kai 60 ba. Wasu jihohi suna bari a cike giɓin da 'yan darussa, wasu sai sabon digiri. Shekarun aikin da ka yi a gida da wuya su shiga lissafin awannin sa ido. Fara neman takardunka tun kana gida, inda za ka iya taka ƙafa zuwa ofishin.

Ina karatu da bizar ɗalibi. Lokaci zai ishe ni?

A nan ake shiga tsaka mai wuya. Izinin aikin bayan karatu na OPT wata 12 ne ga yawancin waɗannan fannoni, awannin sa ido kuwa shekara biyu ne zuwa uku. Ke nan sai ka sami wurin aikin da zai nema maka bizar aiki kafin shekarar ta ƙare. Jami'o'i da asibitocin da ke haɗe da su ba sa shiga cacar shekara-shekara ta bizar aiki ta H-1B, don haka can ya kamata a fara dubawa. Hukumomi da yawa suna neman lambar Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa. Kalifoniya tana karɓar lambar haraji ta ITIN a madadinta. Lasisi ba izinin zama ba ne, a wannan ɓangaren lauyan shige da fice za ka gani.

Nawa abin zai ci, ban da kuɗin makaranta?

Jarrabawar ASWB dala 230 ce a matakan ƙasa, 260 a ta jinya. Sai kuɗin rajista, hoton yatsu, auna takardu da sabuntawa, kowane da nasa. Wanda ke cin mutane ba zato shi ne kuɗin mai sa ido, idan wurin aiki ba ya bayarwa. A ce dala 100 ce awa, awa 100 sun zama dala 10,000. Don haka tambayar “kuna ba da sa ido kyauta, kuma wa ke yi?” ta kai tambayar albashi muhimmanci a ranar ganawar ɗaukar aiki. Karanta yarjejeniyar da kyau, domin wasu wurare na sa sharaɗin ka biya su idan ka tafi da wuri.

Idan na sauya jiha, ko ina ganawa ta bidiyo?

Inda majinyaci yake zaune a lokacin ganawar, dokar can ce ke aiki. Kana Teksas da lasisin Teksas, majinyacinka ya koma Ohio, ba ka da izinin ci gaba sai Ohio ta ba ka. Shi ya sa ƙwararru ke tambayar “ina kake yanzu?” a farkon kowane zama, su rubuta.

Mai ƙaura yana neman lasisin sabuwar jiha bisa wanda yake riƙe da shi. Za a aika makin jarrabawarsa, tsohuwar hukuma ta tabbatar ba shi da tabo, wani lokaci a nemi takardun awanninsa na shekarun baya, wanda ke sake nuna amfanin ajiye kwafi. Akwai yarjejeniyoyi tsakanin jihohi da ke sauƙaƙa wannan: PSYPACT ta masana halayya ta daɗe tana aiki, ta masu ba da shawara da ta ma'aikatan jin daɗin jama'a kuma jihohi da dama sun sa hannu, ana shimfiɗa su a hankali. Ba kowace jiha ke ciki ba, kuma masu cikakken lasisi suke amfana.

Limami ko malamin da ke sulhunta ma'aurata yana bukatar lasisi?

Yawancin jihohi sun keɓe malaman addini muddin nasiha suke yi a cikin aikinsu na addini. Iyakar ita ce kada ya kira kansa da sunan da doka ta killace, irin su LPC ko LMFT, kada ya ce yana gano cutar ƙwaƙwalwa ko yi mata magani, kada ya buɗe ofishin jinya yana karɓar kuɗi. A jihohi da yawa shi ma doka ta wajabta masa kai rahoton cin zarafin yara. Abin da ya fi amfani shi ne limami ya san mai lasisi ɗaya ko biyu da ya yarda da su, ya tura musu wanda ke maganar kashe kansa, ko jin muryoyi, ko matar da ake duka.

Bayan an samu, shi ke nan?

A'a, ana sabuntawa da shaidar ƙarin ilimi. Kalifoniya awa 36 duk shekara biyu, shida daga ciki kan doka da ɗa'a. Niyok awa 36 duk shekara uku. Hukuma kan zaɓi wasu ta binciki takardunsu, don haka ajiye shaidar kowane darasi, ka tabbatar jiharka ta amince da mai koyar da shi. Yin aiki da lasisin da ya ƙare, ko na mako ɗaya, laifi ne.

Ina da tsohon laifi a kaina. In faɗa?

Idan takardar ta tambaya, faɗi. Hoton yatsu zai fito da shi ko ta yaya, kuma hukumomi sun fi tsananta wa ɓoyewa fiye da laifin kansa. Ana duba irin laifin, daɗewarsa, da alaƙarsa da aikin. Teksas tana ba da damar neman wasiƙar tantance tarihin laifi tun kafin mutum ya shiga makaranta. Bayan lasisi kuwa, abubuwan da suka fi jawo ladabtarwa su ne soyayya ko hulɗar kuɗi da majinyaci, tona sirri, da cajin inshora kan zaman da ba a yi ba. Hukuncin yana shiga rumbun bayanai na ƙasa, ya bi mutum duk jihar da ya je.

Lasisin Amurka zai yi mini aiki a Ingila ko a gida?

Ba kai tsaye ba. A Ingila sunan ma'aikacin jin daɗin jama'a doka ta killace shi, sai an yi rajista da hukumar Social Work England, wadda ta karɓi aikin a Disambar 2019. Masu ba da shawara a can kuwa ba su da lasisin gwamnati. Rajistar ƙungiyoyi irin su BACP da UKCP ce masu ɗaukar aiki ke nema. A Najeriya an sa hannu a 2022 kan dokar kafa majalisar masu ba da shawara da kuma dokar kafa majalisar aikin jin daɗin jama'a, don haka mai komawa gida a wurinsu zai nemi rajista, da takardun karatunsa da wasiƙar hukumar jiharsa mai nuna cewa lasisinsa ba shi da tabo. Idan kana da niyyar ci gaba da ganin majinyatanka na Amurka ta bidiyo daga gida, riƙe lasisin jihar da suke a raye, sannan ka tambayi kamfanin inshorar aikinka a rubuce ko kariyarsa ta haɗa da aikin da aka yi daga wajen ƙasar.